Mas'alar Ɓatan Mahassada

Malaman da suka yi nazarin cututtukan zuciya, irin su Imam Gazali wanda ya yi dogon sharhi a kan hassada cikin Ihya'u Ulumid Din, sun tafi a kan cewa ba ta tabbata sai da rukunai biyu, wato mai yi da wanda ake yi wa. Amma wanda duk ya kasa kunne ga waƙoƙin da ke fitowa daga ɗakunan ɗaukar murya na Titin Gidan Zoo a Kano zai tarar an yi sabon ijtihadi, domin kowa ana yi masa hassada, alhali ba a taɓa jin mahaluki ɗaya, ko da bisa kuskure, ya ce shi ne mai yin ta ba.

Yaro ne zai sayar da wayarsa ya biya kuɗin situdiyo, bai mallaki komai ba face hula da kwalbar turare, babu wanda ya san yana waƙa sai makaɗinsa da mahaifiyarsa, wadda ita ma ba da son ranta ba. Amma da ya gama bisimilla a baitin farko, sai ya shiga gargaɗin maƙiya da suka hana idonsu barci saboda ɗaukakarsa. Bilhasali mahassadi ya zama nisabin arziki, wanda bai tara ko ɗaya ba ana lissafa shi cikin miskinai.

A gidan biki kuwa abin ya fi armashi. Da an saki irin wannan waƙa sai uwargida ta miƙe, amarya ma ta miƙe, kowacce tana rausaya tana liƙi tana aika wa 'yar'uwarta harara ta ƙasan gyale, kowacce kuma ta yi yaƙinin cewa saboda ita aka tsara waƙar, waccan ce ake yi wa habaici. Mai sakin kiɗa, da yake ba alƙali ba ne, sai ya ƙara sauti ya tattara kuɗinsa.

To, me ake yi wa ƙyashin? Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da maƙogwaronsa da kalangu ya yi zamaninsa, in mura ta kama shi jama'a su ji ta. Yanzu kuwa, tun da aka fito da Auto-Tune a 1997, kwamfuta ke miƙe murya komai karkacewarta, har mai kakin majina ya fito tamkar kanari. Masoyiyar da ake wasawa ba ta da aibi ko na ƙwayar zarra: ba ta gumi, ba ta fushi, ƙurji bai taɓa ziyartar goshinta ba. Gidan da ake nunawa a bidiyo na aro ne, babbar rigar da mawaƙin ya sa ta aminin wansa ce, ita kuwa motar da ya jingina da ita yana nuna maƙiya da yatsa, mai ita na tsaye bayan kyamara yana duban agogo, ya riga ya faɗa sau biyu cewa kada a taɓa masa fenti, kuma lalle a dawo da makulli kafin magariba.