Tsamin Jiki da Hannun Riga a Dogarawa

Tsoka, wato jan naman da ke motsa ƙashi, ba ta yin kauri a lokacin da ake ɗaga nauyi, sai a kwanakin hutun da ke biyo baya, sa'ad da jiki yake ɗinke ƙananan zaruruwan da aikin ya yayyaga da sinadarin gina jiki irin na wake da ƙwai da kifi. Wannan bayani bai iske wani magidanci a Dogarawa ba, wanda tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki, har ya bi samarin unguwa kangon da suke ɗaga ƙarfe, inda kayan aikin su ne gwangwanayen fenti cike da siminti, an soke su da bututu. Yaron da ke kula da wurin ya ce, "Baba, ku fara da ƙaramin nan," amma magidancin ya ga zubar da girma ne, ya rungumi na ƙarti.

Washegari ya tashi da ɗan dama-dama, har ya yi wa maƙwabta alfahari, domin tsamin jikin da ke biyo bayan ɗaga nauyi, wanda masanin Amurka Theodore Hough ya bayyana a 1902, yakan yi tsanani ne tsakanin awa 24 zuwa 72, kuma sauke nauyi a hankali ya fi ɗaga shi haddasa ciwon, saboda a lokacin tsoka tana miƙewa alhali tana riƙe da kaya. Kwana biyu bayan nan sai da ɗan acaɓa ya ɗaga masa ƙafa a Kwangila, sallah ta koma a zaune, loma kuma ta tsaya a rabin hanya, har uwargida ta ce, "Maigida, ko dai a kira mai ɗori?"

Abin da ya sanyaya masa rai shi ne damtsensa ya cika fam, don haka ya garzaya wurin tela a Sabon Gari ya sa aka buɗa hannun rigunansa. Sai dai cikar farko kumburi ce, wato ruwan da ke taruwa a inda zaruruwa suka ji rauni, kuma ƙarfin da mutum yake ji a makonnin farko yawancinsa na jijiyoyin saƙo ne, waɗanda ke koyon tayar da zaruruwa masu yawa a lokaci guda, kaurin gaske kuwa yakan ɗauki makonni shida zuwa takwas na aikin da ake ƙara wa nauyi kaɗan-kaɗan. 'Yan dakon kasuwar da suke saɓa buhun masara suna hira, da shekaru suka kai nan.

Kumburin ya sace cikin mako guda, rigunan suka koma suna lilo, telan kuma ya ce kuɗin tsukewa daban ne.