Zuwa ga Kwaɗon Ƙofar Maƙwabciyata

Malam Kwaɗo,

Ina nan ranar da aka sayo ka a kasuwar Sabon Gari. Mai shagon ya ɗauka ɓarawo ne ya dami matar, har yana rantse mata cewa ko guduma ba ta ɓalla ka. Ba ta ce masa komai ba. Ɗanta za ta kulle.

Ka fi kowa sanin yaron. Shekararsa bakwai, bai taɓa cewa "Umma" ba. A kira sunansa ba ya waiwaye, amma injin niƙa na tashi sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Yini guda yana jera murafen kwalba, in ka gusar da ɗaya duniya ta tashi. Sau biyu ana tsinto shi a bakin titin Sakkwato, tireloli na wucewa. Ita kuma in ba ta kai awara kasuwar Samaru ba, ba a ɗora tukunya. To, me za ta yi?

An ce ɗan ruwa ne, an ce musayar aljanu. An yi hayaƙi, an sha rubutu, akuyarta ta tafi a haka. Sai a asibitin Shika likita ya ce galahanga ce: babu allurar da ke warkar da ita, amma horo tun da wuri yana koya wa yaro nuna abin da yake so, da cin abinci da kansa, da zuwa bayi. Ta tambayi inda ake horon. Wata makaranta ta karɓe shi mako biyu, ta maido shi, wai yana tsorata yara.

Ban ga laifinka ba. Abin da ke ci mini rai, kai kaɗai ne ƙungiyar agajin da take da ita. Dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce karatunsa kyauta ne har sakandare. Ba ta iso layinmu ba. A Legas bankin GTBank na shirya taro kan galahanga duk shekara, iyaye su ga ƙwararru kyauta. Kuɗin motar zuwa can kaɗai ya fi jarin awara.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello a gabanmu tun 1962, ɗalibanta na likitanci da na koyarwa suna haya a lungunanmu. Ga azuzuwan Islamiyya a rufe Alhamis da Juma'a. Aji ɗaya muke roƙon liman ya ba mu, da ɗalibai huɗu masu haƙuri, da malami ɗaya da zai duba aikinsu. Kuɗin tabarmi da kunu, iyayen yara irinsa za su yi adashe, masu fitar da zakka su cika.

Gobe bayan La'asar zan je wurin liman. In ya amince, ranar Alhamis a kan akwatin kayanta za ka wuni.

Maƙwabciyarku ta ɗaki na uku,
Samaru.