Kowa da Irin Yoyonsa

Idan watan Agusta ya kama a Kano, marka ta zauna kwana biyu ba ta ɗaga ba, kowane rufi sai ya faɗi gaskiyarsa. Ɗis, ɗis, ɗis daga silin da ƙarfe biyun dare, nan take za ka san da wane irin mutum kake zaune.

Akwai Sarkin Bokiti, wanda ya yi sulhu da yoyo tun shekarun baya. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas zai hau rabon aiki: baho gaban gado, langa bayan ƙofa, tukunyar miya kusa da talabijin, kwanon shan yara a kan kujera. Ya san muryar kowanne. Yana kwance cikin duhu za ka ji ya ce, "Uwargida, langa ta kusa cika," kuma ba ya kuskure. Shi ne ya gano cewa in ka shimfiɗa tsumma a cikin bokiti ƙarar ɗigon tana mutuwa. Ranar da suka yi baƙi daga ƙauye aka nemi babbar tukunya, sai aka tarar tana bakin aiki, baƙin suka kwana da gari da ƙuli.

Ƙaninsa shi ne Malam Bari-Rani-Ya-Zo. Da damina ba a hawa kwano, akwai santsi. Da rani kuwa, ina yoyon? Tabon da ruwa ya zana a silin ɗinsa ya fara kamar ƙwan zabo, bana ya kai taswirar jihar Neja, har da kogunanta.

Wanda na fi tsoro shi ne Injiniyan Dole. Wannan ba zai ba wani sisinsa ba alhali yana da tsani. Zai dafa kwalta a gwangwani, ya naɗe wando, ya haye, yara suna kallo daga tsakar gida. Abin da bai sani ba, ruwa ba ya ɗiga daidai inda ya shiga. Yakan shiga ta ramin ƙusar da ta yi tsatsa can sama, ya bi jikin katako ya gangara, sannan ya faɗo a wani wuri dabam. Gogan naka sai ya lafta kwalta inda babu ciwo, ya taka kwanon a tsakiya inda ba katako a ƙasa, ya lotsa shi. Ya hau rami ɗaya, ya sauko rami huɗu. Sai ya ɗora tsohuwar taya da bulo biyu, ya ce an gama. A ɗaki kuma, silin ya kumbura kamar cikin wata tara. Mai hankali zai kashe wuta, ya tara baho, ya huda kumburin da ƙusa ruwan ya tsiyaye. Injiniya muciya ya ɗauko, wai zai gwada ƙarfinsa. Silin ɗin ya taho gaba ɗaya, da ruwa, da kashin ɓera, da gawar wani ƙadangare da ba a san ranar rasuwarsa ba.

In haya kake, to ga mai gida. "Ikon Allah! Wanda ya tashi kafin kai shekara shida bai taɓa kawo ƙara ba." In ka matsa ya ce, "Ka gyara, ma yi lissafi." Ranar karɓar kuɗin haya lissafin ya bi ruwa.

Kafinta zai zo ya ƙwanƙwasa, ya yi tsaki, ya girgiza kai: "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?" Shi ne ya yi shi, shekara uku da suka wuce. Zai tuna maka cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, ya karɓi kuɗin ƙusa da rabin bandir na kwano, daga nan wayarsa ta shiga hutu sai kaka.

Kaka kuwa, wato ta gida, ba ta ga laifin kowa sai kwano. A zamaninsu, in ji ta, ɗakin soro ne da azara, kafin ruwan farko a share indararo, a yi yaɓe, a shafe da makuba, masu hali su sa laso, ɗaki ya yi sanyi kamar randa. Gaskiya ta faɗa. Ta dai manta shekarar da soron ya jiƙe ya zubo mata da laka a kan gadon ƙarfe, muka kwana muna kwasa da kwano.

Ni kuwa a kan cinya na rubuta wannan, don teburin yana daidai ƙarƙashin ɗigo. Mai karatu, in ka san kafintan da yake ɗaga waya da damina, don Allah ka turo mini shi. Langa ta kusa cika.