Manhaja Mai Kunya

Kawuna mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ba ya shiri da biro, shi ya sa na yi alkawarin haɗa masa manhajar da zai riƙa naɗar muryarsa duk sanda ya ba da bashi. Don kada muryoyin su cika masa waya, na ɗauko Opus, wadda WhatsApp ma da ita yake matse saƙon murya. To, ita da yaren C aka rubuta ta, manhajata kuwa Kotlin take ji. Nan 'yan tsakani suka shigo: Gradle ya kira CMake, CMake ya miƙa wa NDK aikin, JNI kuma ya tsaya tafinta.

Abin haushin, C ba a dafa shi sau ɗaya a raba wa kowa. Kowace irin ƙwaƙwalwar waya da tukunyarta: arm64-v8a, armeabi-v7a, x86 da x86_64. Kwamfutata tsohuwa ce, batirinta ya riga mu gidan gaskiya, wuta kuma sai ta ga aiki ya kusa nuna sannan ta ɗauke. Da na gaji, na shiga abiFilters na ce wa Gradle ya dafa arm64-v8a kaɗai. Ai tun Agustan 2019 Google Play ta wajabta 64-bit, wa ya saura a baya?

Kawu ne ya saura. Dokar masu haɗa manhaja ta ɗaure, ba ta je kasuwa ta ƙwace wayoyin 32-bit daga aljihun mutane ba.

Ya dangwala manhajar a gaban abokan cinikinsa, ta leƙo, ta ɓace. Ya sake, ta sake.

"Kai yaro, abin nan naka kunya gare shi? Ko surukinsa ne ni?"

Na jona wayar da kwamfuta, sai ga UnsatisfiedLinkError, wato an nemi libopus.so sama ko ƙasa an rasa. Na fara bayanin armeabi-v7a, wani dattijo ya tambaya ko sabon irin masara ne.

Kawu ya ba ni kuɗin fetur, na tayar da janareta, aka dafa tukwanen duka. Manhaja ta buɗe ta zauna daram. Ya gyara murya, ya danna, ya ce: "Bismillah. Ɗan ƙanwata, kuɗin fetur, bai biya ba."