Kwakwar Ɗan Issa

Duk wanda ya bi mota ya je Kwatano, in ya dawo Ɗan Issa sai ya ga tsakar gidansa ta yi masa fayau. Wani maƙwabcinmu har tsiron kwakwa ya ƙunso a buhu, wai zai yi lambu irin na bakin teku. Mu kuwa babban ruwan da muke tinƙaho da shi tafkin Madarunfa ne, shi ma da rani ja da baya yake yi.

Kwatano na samun ruwan sama wajen milimita 1,300 a shekara. Nan in an sami 600 sai hamdala. Haka bawan Allah ya koma ɗan garuwar bishiya, jarka safe, jarka yamma. Ya kewaye ta da ƙaya, ya kafa mata rumfar zana don kada hunturu ya taɓa ta. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko ni da aka biya sadakina ban sami wannan gata ba."

Bayan ɗaki kuwa yaɗiya ta naɗe danga, magarya ta fito ba wanda ya gayyace ta, tafasa na jiran ruwan farko. Zogale ma baƙo ne, daga Indiya, amma ya iya zama da mutane: ruwan wanke-wanke ya ishe shi, ya biya da kwaɗo.

A Afrilu gara ta gama da kwakwar. Yanzu maƙwabcin namu yana tasha yana tambayar direbobi kuɗin tsiron tuffa.