Risala Kan Man Giya, Zuwa Ga Masu Tsofaffin Motoci Na Ƙasar Katagum

Ya kai ɗan'uwa mai tsohuwar mota otomatik, wadda ta ci ƙuruciyarta a titunan Turai, ta yada zango a Kwatano, sa'an nan ƙaddara ta kawo ta Azare domin ta yi tsufanta a hannunka, ka sani a cikinta akwai wani jan mai wanda ba fetur ba ne, ba kuma baƙin mai ba, wanda galibin masu mota ba su san da zamansa ba sai ranar da suka sa giya a bakin kasuwa, inji ya yi ta kururuwa, mota kuwa ta tsaya cik tana nazari. Shi ne man giya, wanda bakanikai ke kira ATF. Tun 1940 da kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da Oldsmobile mai canja giya da kanta, wannan mai ne ya gaji aikin ƙafar hagu da hannun direba, domin shi ke isar da ƙarfin inji ga ƙafafu, shi ke matse fayafayan kuloci na ciki, shi ne kuma ke sanyaya su.

Auna shi yana da sharuɗɗa, waɗanda in ɗaya ya faɗi awon ya ɓaci. Lalle ne mota ta ɗauki zafi, saboda haka sai ka kama hanyar Jama'are ko ta Misau, ka yi kamar kilomita 15 ka juyo, ba tare da ka tsaya gaishe-gaishe ba, ko da yake na san wannan shi ne mafi wuyar sharuɗɗan ga mutumin Azare. Ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka taka na ƙafa, ka bi da sandar giya gida-gida tana ɗan dakatawa a kowane, ka mai da ita P. A nan ne masana suka rabu mazhaba biyu, domin mutanen Toyota na aunawa inji na aiki, alhali mutanen Honda kashe shi suke yi su auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma wanda ya yi wa Honda hukuncin Toyota ba shi da uzuri, tunda littafin motar ya yi bayani, illa dai littafin ya ɓace tun a Kwatano. Kafin ka leƙa ƙarƙashin bonet ka tuɓe babbar riga, gama fanka da bel ba su san girman aiki ba, kuma ba su bambanta shadda da tsumma.

Ka zare tsinken awon giya, ba na inji ba, ka goge shi da farin ƙyalle mai tsabta, ba da gefen hularka ba, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Mai ya tsaya a tsakanin alamomin zafi, waɗanda abin da ke tsakaninsu bai wuce kamar rabin lita ba, don haka in ƙari za ka yi, ka yi shi da mazurari, kaɗan-kaɗan. Karimci a nan makaruhi ne, saboda man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matse kuloci. Sai ka dubi launinsa, ka kuma sansana. In ja ne garau kamar zoɓo, ka yi hamdala; in ya koma ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi; in ya yi baƙi yana ƙauri, ka nemi wuri ka zauna tukuna. In kuwa ya yi fari-fari da kauri, ruwan lagireto ne ya shige shi, kada ka ƙara ko taku ɗaya sai bakanike ya gani.

Wajen saye za ka haɗu da mai kanti wanda zai rantse maka cewa ja ja ne, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wannan fatawa ce marar asali. General Motors ya fito da Dexron a 1967, Ford ya biyo da Mercon a 1987, Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 da magajinsa DW-1, kowanne da irin santsinsa, kuma sau da yawa sunan wanda motarka ke sha yana rubuce a jikin tsinken awon. Wanda aka ɗura a gorar ruwa, ba suna ba nasaba, a bar wa mai shi, araha ba ta ado.

Canjin kansa ba wani abu ba ne: a tara kasko, a kwance notin ƙasa da sifana, a kiyayi hannu domin mai zafi ne, a auna abin da ya zubo, a mayar da daidai da shi. Amma kada ka zargi yaron gareji da sata in ka ga lita 3 kaɗai ta fito daga giyabos mai cin 7 ko 8, domin ragowar tana maƙale can ciki, shi ya sa ake sake zubarwa bayan ka yi ɗan yawo, har sau uku. Dubi mayen ƙarfen da ke jikin notin ko cikin kaskon giya. Laushin gari baƙi al'adar tsufa ce, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli sanarwar ta'aziyya ce. Tsohon man kuma kada a tuttular da shi a lambatu.

Saura mas'alar da ta fi raba kan bakanikai, wato motar da manta ya ƙone ƙurmus, ba a kuma taɓa canja shi ba tun zamanin Baturen da ya fara hawanta. Wasu sun tafi a kan cewa a bar shi, hujjarsu kuwa ita ce garin kuloci da ya narke a ciki shi ne ke riƙe da giyar, in an wanke shi mota ta zauna; waɗansu suka ce barinsa ganganci ne. Abin da na rinjayar, Allah ne masani, shi ne in giya ba ta fara zamewa ba a canja sannu-sannu, kashi-kashi, ba da injin da ke tura mai da ƙarfi ba. In kuwa ta riga ta fara, sabon mai ba zai tayar da matacce ba, sai dai ya ɗauki laifin da ba nasa ba, kai kuma ka yi shekara kana faɗa a majalisa cewa bakanike ne ya kashe maka mota.

Babban maƙiyin wannan mai zafi ne, mu kuwa Allah ya hore mana shi, tunda a Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Waɗanda suka dawo da hedkwatar masarauta daga Katagum zuwa Azare a 1916 ba su da wannan damuwa, amma kai da za ka loda mutum takwas da buhunan gero ka nufi biki ƙauyukan Zaki ko Gamawa, ka kafe a rairayi, ka yi ta wasa da giya tsakanin D da R kana taka totur, dafa man kake yi. Ka sauke jama'a su tura, ai don haka aka gayyace su.

Saboda haka, Alhaji, ka auna sau ɗaya a wata, ka canja a kowace kilomita 40,000 zuwa 60,000, ka rubuta lissafin a takarda tunda mitar motarka wataƙila ta daɗe da yin ritaya. In ka ƙi, giyabos ɗan Beljiyam yana nan a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kuɗinsa ya ninka na galan ɗin mai sau da yawa, ban da na motar da za ta ɗauko shi.