Yadda A-kori-kurata Ta Koyi Durƙuso

A ƙasar Gobir mota mai dogayen ƙafafu ake so. Ga yashin Gulbin Rima, ga ramukan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, ga buhunan gero da wake da ake lafta mata har sai ta yi nishi. Da tsohuwar Hilux ɗina nake ciyar da gida, kuma muna zaune lafiya har ɗan ƙanwata ya zo hutu daga Sakkwato da waya cike da bidiyo.

"Kawu, dubi yadda ake yi a Amurka," in ji shi. Na ga a-kori-kura tana tafiya cikinta na shafar kwalta, tayoyinta sun shige cikin jiki, sai walƙiya take yi. Yaron ya karanto mini tarihi: a birnin Los Angeles abin ya yi ƙarfi, jihar Kalifoniya ta hana shi a 1958, sannan ta ɗage hanin a farkon 2024. "Tunda gwamnati ta halatta, Kawu, mi kaka jira?" Buhu nawa ake ɗauka a Los Angeles, wannan bai fito a bidiyon ba.

Bakanikena ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi motar, ya dube ni. "Alhaji, mi wagga baiwar Allah ta yi maka?" Na ce aiki na kawo, ba shari'a ba. Ya zare falle bibbiyu daga sifirin na baya, ya jingine su a bango. Na cire tayoyina masu lamba 205/80, na sa na gwanjo masu 265/70. Lambar farko faɗin taya ce da milimita, wato na ƙara faɗin milimita 60, tsayi kuma ya ƙaru da fiye da 40. Na rage rufi, na ƙara tsawon mai shiga ɗaki, kuma duk tashar ba wanda ya ce mini uffan. Tafi ma suka yi. Ba kaya, motar ta yi kyau har na zagaya gari ban da inda za ni.

Ranar Alhamis aka yi lodin kasuwar Shinkafi: wake buhu-buhu, kowanne wajen kilo 100, fasinja a sama. Ramin farko muka ji "ƙuuut!" Na biyu ya zo da hayaƙi. Wata dattijuwa ta buga rufin mota ta ce, "Direba, wa ka gasa masara ba a ba mu ba?" Wani malami ya fara addu'a da ƙarfi, domin a ganinsa kukan ba na ƙarfe ba ne. Kowa ya san hanyar nan ba wurin tsayawa hira ba ce a wannan zamani, don haka na ce fasinja su koma dama. Tayar dama ta ɗauki kuka. Na ce su koma hagu. Haka muka shiga Isa, mutane na kai da komo a kan buhuna, yaran gari na biye da mu.

Mai faci ya shafa wa tayar alli, ya sa aka hau aka yi tsalle. Allin ya fito a leɓen ƙarfen da ke saman taya, wanda ya riga ya yanka gefen robar. Ya ce a rage iska. Taya ta baje, ta ɗau zafi, ta ƙara gogar ƙarfe. Mai gyaran jikin mota ya ce aikin nasa ne: ya sa guduma da guntun bututu ya naɗe leɓen ciki. Fenti ya tsage, kuka ya bar leɓe ya koma can cikin kwarmi, tayoyin gaba kuma suka soma nasu duk lokacin da na karya kwana. Mai walda ya ce duk wasa suke yi, ya yanke ƙarfen gaba ɗaya. Shiru ya samu. Sai aka yi ruwa, tayoyin suka dinga kwaso laka suna rabawa fasinja daidai wa daida, har wani ango ya sauka a Gatawa da babbar riga launi biyu.

Wani tsohon direba, wanda yake tuƙi tun kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, shi ya kira ni gindin bedi. Ya sa tafin hannu tsakanin taya da jikin wata mota ya ce, "Ɗana, wanga fili ba banza aka bar shi ba. Rabon buhu ne da rabon rami. Kai ka cinye shi tun ba a yi lodi ba." Ya ce in maido fallayen sifirin, in canza robar da ke tare ƙarfen ƙafa kada ya doki shasi, in koma taya mai lambar da aka yi motar da ita, irin ta ɗaukar kaya, sannan in gwada da lodi, ba da iska ba.

Na koma wurin bakanike. Ya ce na yi sa'a, yana da fallaye masu kyau da suka fito daga jikin motar wani bawan Allah, amma da tsada. Na biya. Ana ɗaurawa na hango ɗigon koren fentin motata a jikinsu.

"Malam, ai waɗanga nawa ne!"

Bai ko ɗago kai ba. "Shi ya sa suka zauna daidai, Alhaji. Kuɗin ajiya ka biya."